AMBALIYA: TANADI TUN RANI, BA SAI RUWA YA CI GIDA BA

A wajen wani karatu da aka gabatar a garin Daura, Malamin da ya yi jawabi ya ja hankalin 'yan'uwa kan halin da mutane ke shiga bayan ambaliya. Ya tunatar da abin da ya faru a Jibiya a watan Yulin 2018, inda ruwan dare ɗaya ya ci rayuka sama da 40, da kuma ambaliyar 2022 da ta kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasar nan.

Malam ya ce a ƙasarmu ta Daura, daga Sandamu da Mai'aduwa har Zango da Baure, da yawan gidaje na ƙasa ne. Da zarar soro ya rufta, sai ka ga kowa ya tashi haiƙan: ana yashe kwata, ana gyara indararo, ana yaɓe. Amma da kaka ta yi, sai a koma zuba shara a magudanar ruwa, wani ma ya sayi fili a kan hanyar ruwa don arha.

Ya ce wannan mantuwa ba tamu ce kaɗai ba. A Amurka, inda gwamnati ta kafa inshorar ambaliya tun 1968, masu bincike sun gano cewa bayan kowace babbar ambaliya mutane kan yi rububin sayen inshora, amma cikin 'yan shekaru sai su daina biya, kamar ba a taɓa yi ba.

Game da hukunci, Malam ya bayyana cewa malamai da dama sun ƙi inshorar kasuwa saboda riba da gharari, amma sun halatta takaful, wato asusun taimakon juna, wanda hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Ya kawo misalin Annabi Yusuf (AS) da tanadin shekara bakwai, da Ash'ariyyawa da ke haɗa guzurinsu su raba daidai in abinci ya yi ƙaranci.

Don haka ya nemi kowace unguwa ta kafa asusu, a zuba lokacin girbi da hatsi ke hannu, ba a jira kayan agajin NEMA ba. Da wani dattijo ya tambayi wa zai riƙe kuɗin, sai Malam ya ce mutum uku amintattu, a rubuta komai, a karanta wa jama'a duk wata bayan sallar Juma'a.