Abin da Yara Suke Koya Bayan An Tashi Daga Aji

 Muna gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana ta jubili. Waɗanda suka riga mu magana sun ba da labarin gine-gine da na jarrabawa. Mu an ce mu yi magana a kan aikin da ba a rubuta shi a takardar shaida, watau abin da yara suke yi da la'asar: sikawut, da ƙungiyar mawaƙa, da wasan kwaikwayo, da muhawara, da aikin lambu, da jaridar makaranta.

Ga dalilin da ya sa muka karɓi wannan magana. Iyaye da dama suna ce mana sun kawo 'ya'yansu domin BEPC da Bak ne, ba domin wasa ba. Ba mu raina maganarsu ba, gama mun san an sayar da gero da awaki kafin a biya kuɗin makaranta. Har cikinmu malamai akwai masu so a mai da la'asar duka lokacin bita. Kafin a yanke wannan shawara, muna roƙo ku ji abin da za a rasa.

Wannan aiki ba jiya aka fara shi ba. A shekara ta 1907 Baden-Powell ya kai yara 20 tsibirin Brownsea a Ingila, ya raba su kashi huɗu, ya sa yaro ya shugabanci kowane kashi. Daga nan sikawut ta samo asali. A ƙasar Faransa kuma akwai wani malamin ƙauye, Célestin Freinet, wanda aka ji masa rauni a huhu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, har doguwar magana a aji ta zama masa wahala. A 1924 ya kawo ƙaramin injin ɗab'i cikin ajinsa. Yara suka riƙa rubuta abin da suka gani, su zaɓi wanda ya fi, su gyara shi tare, su jera haruffa da hannunsu, su buga. Mutanen nan biyu dabararsu ɗaya ce: a ba yaro abin da zai riƙe da kansa, wanda in ya sake shi kowa zai gani.

A nan Afirka ta Yamma ma an gwada. Makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Bubu Hama da Diori Hamani suka yi karatu, ta yi suna da wasan kwaikwayo. Almajiranta sukan koma gida hutu su tambayi tsofaffi labarun gargajiya, su dawo su shirya wasa da su. A can Bernard Dadié na Kodebuwa ya rubuta wasa tun yana ɗan makaranta, a 1937 kuwa 'yan Ponty suka nuna wasanninsu a birnin Faris. Daga baya Dadié ya zama ɗaya daga cikin manyan marubutan Afirka.

To, bari mu dawo gida, mu ba ku labarin da ya sa muke tsaya wa jarida fiye da kome. Tsofaffin 'yan makaranta za su tuna yadda ake yinta. Da fari da hannu ake rubutawa, a manna a allo bakin ɗakin cin abinci. Daga baya aka sami injin Gestetner. A cire ƙyallen tawada daga tafireta, a buga haruffa su huda takarda mai kaki, a ɗaura ta a gangar injin, yaro ɗaya yana juya hannu, wani yana jera shafuffuka. Kuskure ɗaya sai ya fito a kowace takarda, saboda haka sai an karanta sau uku kafin a buga.

Wata shekara jaridar ta fito da labari cewa tuwo ya ragu, kuma mai dafa abinci ne yake kwasar hatsi zuwa gidansa. Dattijon nan ya daɗe yana yi mana aiki. Da aka karanta masa, ya zo ya ajiye makullin sito, ya ce shi ya gama. Ranmu ya ɓaci, muka ce a yage takardar, a hana jarida ɗungum. Sai wani tsohon malami a cikinmu ya ce a dakata. Ya kira yaran da suka rubuta, ya miƙa musu tiya, ya ce su tsaya a sito kwana uku su auna abin da yake fita, su ƙidaya masu ci.

Suka auna. Ashe tuwo ya ragu da gaske, amma ba wanda ya saci ko ƙwaya. Yara ne suka ƙaru da farkon shekara, mu kuwa masu lissafi muka manta ba mu ƙara awo ba. Laifin namu ne. Yaran suka tafi wurin dattijon suka durƙusa, suka ce, "Baba, ka yi mana gafara." A fitowa ta gaba suka rubuta gyara a daidai wurin da zargin ya fito, da haruffa masu girma ɗaya. Mu ma muka ƙara awo, muka amsa kuskurenmu a gaban makaranta. Da mun yage takardar nan, da yara sun ci gaba da kwana da yunwa, dattijon kuma ya tafi da sunan ɓarawo.

Tun daga ran nan jaridar ta sami dokoki uku. Kada ka rubuta abin da ba ka gani ko ka auna ba. Ka ji ta bakin wanda ake zargi tukuna. Ka sa sunanka a ƙarƙashin abin da ka rubuta. Ba darasin aji da ya koya musu wannan kamar yadda kwana uku a sito suka koya musu.

Yaranmu na yanzu sun fi na dā bukatar dokokin nan. Mai wayar hannu yana iya aika magana ga mutum ɗari kafin ya haɗiye lomarsa, ba malamin da zai duba, ba sunan da zai sa. Magana kuwa zarar bunu ce. In ba su koyi auna ta a makaranta ba, ina za su koya?

Saboda haka muna da roƙo uku. Iyaye, ku bar wa yara la'asar biyu a mako, ku kuma tambaye su aikin da aka danƙa musu. Malamai, ku zauna a bayan ɗaki, ku bar yara su zaɓi shugabanninsu, su riƙe littafin kuɗinsu, kada ku yage abin da suka rubuta don ya taɓa ku. Ku kuma tsofaffin 'yan makaranta, ku taimaka da takarda da tawada, wanda yake da tsohuwar jarida a akwati ya kawo mana ƙannenku su gani.