Wa Aka Ƙirga, Wa Aka Bari?



Mun sha karɓar masu binciken lafiya a makarantunmu na Dandin Mahe. Mu miƙa musu rajista, su duba yara, su kama hanya. Ya kamata mu san abin da rajistar ba ta faɗa musu.

Mu ɗauki cutar noma, wadda ke cin baki da fuskar yaro. Tun 1999 akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato. To amma littafin asibiti bai san kowa ba sai wanda ya isa da rai, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tara cikin goma na rasuwa idan babu magani. Kuma ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda yawancinsu ba su taka ajinmu ba tukuna. Shi ya sa a 2018 masu binciken ƙungiyar likitoci ta MSF suka zaɓi ƙauyuka da ƙuri'a a Sakkwato da Kebbi, suka bi gida-gida suna duba bakin yara.

Sai batun suna. Iyaye da yawa "ciwon daji" suke kiranta, sunan da ake kiran kansa da shi. Wanda kuwa ya tambayi uwa labarin "noma", gona za ta nuna masa.

Idan sun dawo, mu tambaye su kalmar da ke kan takardarsu, mu tabbata an nemi yardar iyaye kafin a buɗe bakin yaro, sannan mu raka su gidajen da ƙannen ɗalibanmu suke.