Aiki Na Mai Shi Ne, Sana'a Kuwa Taka Ce

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a Sabon Gari, Gusau



An nemi mu yi magana a kan hanyar da matashi zai bi ya ci gaba a rayuwa da wurin neman abinci. Batun yana da faɗi, masu nasiha a kansa kuma ba su yi kaɗan ba. Saboda haka muka ga ya fi dacewa mu ɗauki abu guda mu tsaya a kansa, mu kuma nemo hujjarsa daga tarihin unguwar nan da muke zaune. Abin kuwa shi ne bambancin da ke tsakanin aiki da sana'a. Aiki na mai shi ne: shi ya ɗauke ka, shi zai sallame ka, wani lokaci ma shi kansa ya gushe ya bar ka tsaye. Sana'a kuwa ita ce abin da kanka da hannunka suka iya, ba a karɓe ta a bakin ƙofa ranar sallama.

Kamar yadda dattawa suka sani, jirgin ƙasa ne ya raya Sabon Gari. Zuwa shekarar 1929 layin dogo ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda. Gyaɗa da auduga suka samu hanyar fita, kamfanonin Turawa suka kafa wuraren awo, aka kafa gidan gurzar auduga, daga baya aka samu masaƙa da matsar mai. Mutane suka zo daga kowace kusurwa ta Nijeriya, akawu da lebura da direba da ɗan koli. A lokacin ƙuruciyarmu, in aka ce wane yana aikin reluwe ko yana masaƙa, to an gama yabonsa, kuma ba ya shan wahalar neman aure. Babu wanda ya taɓa tunanin akwai ranar da waɗannan wurare za su yi shiru.

Ranar kuwa ta zo, sai dai ba gaba ɗaya ba. Cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta karya noman ta a Arewa. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, manomin auduga ya rasa tabbacin farashi. Jirgi ya daina zuwa kamar yadda muka san shi. Masaƙu suka yi ta fama da ƙarancin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da shigowar yadi mai araha daga waje, har babbar masaƙar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002. Tamu ta nan Gusau ita ma ba ta tsira ba.

To, a nan ne darasin yake, domin mun ga abin da ya biyo baya da idanunmu. Mutum biyu sun yi shekara ashirin a ma'aikata ɗaya, an sallame su rana ɗaya. Na farko abin da ya sani shi ne ya tsaya gaban injin guda, ya jira ƙarshen wata. Na biyu kuwa, duk lokacin da injin ya lalace yana nan tsugune kusa da makaniki, yana miƙa sifana, yana tambaya, abokan aiki suna yi masa ba'a wai yana aikin da ba a biyan sa. Da aka rufe ƙofa, na biyu ya kafa rumfa a bakin titi yana gyaran injin niƙa da janareto da famfon ban ruwa, har ya yaye yara. Na farko ya yi shekaru yana jiran haƙƙinsa, yana sauraron labarin za a sake buɗewa. Ba mu ce na farko malalaci ba ne, a'a, mutum ne mai zuwa aiki a kan lokaci. Sai dai duk abin da ya mallaka na mai ma'aikata ne. Hausawa suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kada masu takardu su ɗauka maganar ba ta shafe su ba, domin takarda ma tana tsufa. Mu da muka shiga kwalejin horon malamai a zamanin shirin ilimin firamare na bai ɗaya, wanda aka ƙaddamar a 1976, mun fito da takardar malanta mai daraja ta biyu, kuma a lokacin aiki ne ke jiran mutum tun kafin ya gama jarrabawa. Ba a daɗe ba aka ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Malamai masu iyali, wasu da furfura, suka koma ɗalibai, suna karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu ta hannun Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Abin da bai tsufa ba shi ne abin da kwalejin ta cusa mana a jiki: tsara darasi kafin a shiga aji, cika rajista ba tare da kankara ba, iya tsayawa gaban jama'a a yi bayani har a fahimta, da aikin gona da na hannu waɗanda muke ƙorafi a kansu a lokacin. Da waɗannan ne da yawa daga cikinmu suke ci har yau, bayan albashi ya yanke.

Yanzu, alhamdu lillahi, makarantu sun zo har ƙofar gida. Ga Jami'ar Tarayya a Gusau da aka kafa a 2013, ga kwalejin ilimi ta fasaha ta mata, ga kwalejin kimiyya da fasaha a Ƙauran Namoda, ga ta Talata Mafara mai ɗauke da sunan marigayi Injiniya Abdu Gusau, ga makarantar koyon aikin lafiya a Tsafe. Ku shiga, ku yi karatu da gaske. Amma kujerun gwamnati ba su ƙaruwa daidai da yawan masu fitowa, wannan lissafi ne da ɗan aji uku zai iya yi. Ɗalibin da ya gama lacca da azahar, me ya hana shi zuwa rumfar mai haɗa sola ko mai gyaran waya ko mai walda zuwa magariba? Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, mai shago da mai gidan burodi da manomin rani kowa neman wanda ya iya haɗa sola yake yi, kuma ba a tambayar sa digiri, aikinsa ake dubawa. Abin da ke hana yaranmu, mu faɗi gaskiya, kunya ce, kada abokai su gan su da baƙin mai a hannu. Mu iyaye kuma muna taya su, muna cewa ɗanmu ya wuce nan.

Sai dai iya sana'a rabin magana ne. Sauran rabin alkawari ne. Kowa a wannan zaure ya san telan da ya ƙware ƙwarai, amma yakan karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinsa a cikin azumi, daren Sallah kuma ya kulle shago ya kashe waya. Ɗinkinsa ya fi na maƙwabcinsa kyau, amma maƙwabcin ne ya sayi keke na biyu da na uku, saboda in ya ce Laraba to Laraba ce, in kuma ba zai iya ba sai ya ce ba zai iya ba tun da wuri. Garinmu ba shi da girman da mutum zai ɓoye halinsa. Abin da ka yi a Sabon Gari da safe, kafin dare an ji shi a Tudun Wada.

Akwai kuma ɗan littafin rubutu, wanda ba ma gajiya da ambatonsa, wataƙila don tsohon hedimasta ba ya rabuwa da rajista. Mai sana'ar da ba ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ba ya bambanta jari da riba, sai ya cinye uwar kuɗi yana ganin ciniki yake yi. A wannan fanni iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da adashi sun fi mu, ko da yake da yawansu a ka suke riƙe lissafin.

Ba mu manta da halin da 'yan uwanmu na Tsafe da Bunguɗu suke ciki ba. Rashin tsaro ya raba mutane da yawa da gonakinsu, suka shigo gari da iyali, ba su da abin yi sai abin da hannu ya iya. Wasu matasan kuma sun nufi ramukan zinariya don neman kuɗin gaggawa, alhali ba mu manta da gubar dalma ta 2010 ba, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum. Yaron da aka raba da gona, in ba mu koya masa wani abu ba, akwai masu jiran su koya masa abin da ba ma so.

Saboda haka muna roƙon shugabannin ƙungiya su buɗe rajistar masu sana'a da ke cikinmu, makanikai da teloli da kafintoci da magina da masu sola, maza da mata, kowa ya faɗi yara nawa zai iya ɗauka. A rubuta yarjejeniya a gaban iyaye da mai unguwa: shekara nawa za a yi, wa zai ciyar, da abin da za a ba yaro ranar yaye, don kada koyo ya koma bauta. Daga kuɗin da muke kashewa a abinci da kujerun wannan taro, a ware wani abu na sayen kayan aiki ga waɗanda aka yaye, a matsayin rance, a kuma karanto sunayensu da abin da suka biya a taron baɗi.