Mota ta tsaya a hanya: a fara duba ƙaramin abu

Jawabi don karantawa a cibiyoyin yaƙi da jahilci na Ƙonni, Malbaza da Illela



Zancen yau zancen mota ne. Ba kowa ke da mota ba, amma kowa yana shigarta. Ita ke kai albasar Galmi kasuwa. Ita ke kai mara lafiya asibiti. Ita ke ɗaukar ƴan kasuwa zuwa Ƙonni ranar Laraba. In ta tsaya tsakanin Tsarnawa da Badagishiri cikin zafin rana, albasa tana iya lalacewa, mara lafiya kuma wahalarsa ta ƙaru.

Sau da yawa abin da ya tsai da mota ƙaramin abu ne. Amma direba mai gaggawa yakan kwance inji tun bai san ciwon ba, ya ɓata kuɗi, ya ɓata yini. Gaggawa aikin shaiɗan ce. Inji yana bukatar abu huɗu: wuta, mai, iska da ruwa. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a taɓa komi

Direba ya kauce da mota gefen hanya. Ya ja birkin hannu, ya sa dutse bayan taya. Ya ajiye alama ko rassan itace nesa, gaba da baya. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta bi ta Ƙonni, Malbaza da Galmi, cike take da manyan motocin siminti da na albasa, kuma ba su iya tsayawa nan take. In an gama gyara, a kwashe duwatsu da rassan daga hanya.

Na ɗaya: wuta

Direba ya murɗa makulli ya saurara. In bai ji komi ba, ko ya ji "ƙas, ƙas" kaɗai, ya kunna fitilu. In haskensu ya yi rauni, ciwon yana wajen batiri.

Kada ya yi saurin cewa batiri ya mutu. Ya dubi kawunansa biyu. Sau da yawa sun yi sako-sako, ko wani farin gari ya rufe su. Ya fara cire waya mai alamar ragi (-), sannan mai alamar ƙari (+). Ya kankare su, ya mai da ta ƙari, sannan ta ragi, ya ɗaure sosai.

Batirin ƙaramar mota bolt 12 gare shi. In makanise ya sa ma'auni, cikakken batiri yana nuna wajen 12,6. In inji yana aiki, ya kamata ya nuna tsakanin 13,5 da 14,5. In bai kai haka ba, na'urar da ke cika batiri ce ba ta aiki, ko bel ɗinta ya saki. Sayen sabon batiri ba zai warkar da wannan ba.

In fitila ɗaya ko oda ce kaɗai ta mutu, a duba akwatin fis. Kowane fis yana da lamba a bayansa. Ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. A maye wanda ya ƙone da mai lamba irin tasa. Wasu sukan sa waya ko takardar kwalin taba a wurinsa. Wannan dabara ita ke sa wayoyi su yi zafi har mota ta kama wuta.

Na biyu: mai

In inji yana juyawa da ƙarfi amma ya ƙi tashi, a duba mai. Kada a dogara da allurar tanki kaɗai, don takan yi ƙarya a tsohuwar mota.

Esansin kwalba da ake saidawa bakin hanya wani lokaci yana da ruwa ko rairayi. Shi ke toshe matatar mai. Alamarsa ita ce mota tana fizga, tana rasa ƙarfi wajen hawa. A canza matatar, kuma a riƙa tace mai da ƙyalle mai tsabta. Kada a zuƙi mai da baki. Kada kowa ya kunna taba kusa.

In mai yana zuwa, a kwance buji a duba bakinsa. In ya yi baƙi ko ya jiƙe, a goge shi ko a canza. Motar gazuwal ba ta da irin wannan buji. In gazuwal ya ƙare mata ƙaf, iska ke shiga bututu, sai an fitar da ita sannan ta tashi.

Na uku: iska

Inji yana numfashi kamar mutum. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin ƙauye tana toshe matatar iska. Sai mota ta riƙa baƙin hayaƙi, tana shan mai da yawa. A fiddo matatar a kakkaɓe. Kada a jefar da ita a yi tafiya haka, don rairayi zai shiga ya ci inji.

Hayaƙi ma yana da magana. Shuɗin hayaƙi yana nufin inji yana ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri wanda bai daina ba yana nufin ruwa ya shiga cikin inji. Waɗannan biyu aikin gareji ne.

Na huɗu: ruwa

A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasar Tawa yana wuce digiri 40. In allurar zafi ta kai wurin ja, direba ya tsaya ya kashe inji. Kada ya buɗe murfin radiyata nan da nan, ruwan zai yi tsalle ya ƙone masa fuska. Kada ya zuba ruwan sanyi cikin inji mai zafi, ƙarfe yana iya tsagewa. Ya jira ya huce, sannan ya nemi inda ruwa ke zuba, ya duba bel da fanka.

Fitilar da ba a wasa da ita

Gaban direba akwai jar fitila mai siffar buta. Ta baƙin mai ce. In ta kama ana cikin tafiya, a tsaya a kashe inji take. A zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin zane biyu. Wanda ya ce bari ya lallaɓa har Malbaza yana iya rasa injin gaba ɗaya.

Inda ya kamata a tsaya

Birki da sitiyari ba wurin gwaji ba ne, rayukan mutane ke kansu. Sababbin motoci kuma suna da kwamfuta a ciki, sai makanise ya sa na'ura ya karanta ciwonsu. Direba ya faɗa masa abin da ya ji, abin da ya gani, da abin da ya riga ya duba. Wannan zai rage aiki, ya rage kuɗi.

Rigakafi ya fi magani. Kowace safiya, kafin a yi lodi, a duba ruwa, baƙin mai, batiri, taya da birki. Fasinja kuma su yi haƙuri da direban da ya tsaya duba motarsa.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.