Jawabin Shugabar Cibiya a Bikin Yaye Ɗaliban Zanen Kwamfuta

 

Mai girma shugaban taro, Allah ya ƙara girma, wakilin Mai Martaba, ranka ya daɗe, wakiliyar mai girma kwamishina, hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku, malamai, Allah ya gafarta muku, masu maɗaba'u da suka rufe shaguna suka zo, 'yan jarida, iyaye mata da maza, da kuma ɗaliban da aka taru dominsu. Cibiya tana yi wa kowa barka da zuwa, wanda aka tsallake sunansa ya yi haƙuri.

Abin da aka yi a wannan zango ba ɓoyayye ba ne. An koyar da CorelDRAW da Photoshop da Illustrator da Canva. An buɗe ajin mata na safe. An kai ɗalibai maɗaba'u sun ga yadda launi yake canzawa tsakanin fuskar kwamfuta da takarda. Sun zana katin gayyata, kalanda, tambarin kamfani, bangon littafi, fastar fim da allon talla. Kuma babu wanda zai karɓi takardar shaida yau da bai iya sa ɓ da ɗ da ƙ a wurarensu ba, abin da ya gagari alluna da yawa a titunan garin nan.

Amma akwai abin da yake hana cibiya barci, shi ne farashi.

Sabon mai zane yakan fita da hannu mai kyau da baki mai nauyi. A tambaye shi nawa ne, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ko nawa aka bayar." Ɗan'uwa ya zo da batun zumunci, abokin makaranta ya ce ai minti biyar ne, babban mutum ya ce a fara yi tukuna, zai tallata shi a wurin manya. Aiki ya fita, kowa ya yaba, a sallame shi da "Allah ya yi albarka". Addu'a abar so ce, sai dai mai sayar da fetur ba ya zuba wa janareta mai da ita.

A yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne. Wanda yake karɓar naira 2,000 kan fasta ɗaya sai ya zana 35 a wata kafin ya kamo wannan adadi, kuma bai cire ko kwabo na ɗawainiya ba. Ɗawainiyar kuwa ba ƙarama ba ce. An janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023. Dalar da hukuma take sayarwa wajen naira 460 a lokacin ta haura 1,500 a 2024, kuma kwamfuta da manhajojin zane duk da dala ake yanka musu kuɗi. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari kan kuɗin kira da data. Don haka farashi daga cefane yake farawa: wuta, data, haya, abin da za a riƙa ajiyewa don ranar da kwamfuta za ta mutu, sannan ladan gumi. A raba jimillar da sa'o'in da ake zane na haƙiƙa, domin rabin yini yakan tafi a amsa waya da bin bashi. Abin da ya fito shi ne ƙasan farashi. Duk tayin da bai kai shi ba, amsarsa "albarka".

(Samarin da ke can baya suna latsa waya, a ajiye ta. Wannan ɓangaren ne zai ciyar da ku.)

Sama da wannan ƙasan farashi kuma, sai a duba inda aikin zai je. Katin suna kwana bakwai ne amfaninsa. Tambari yakan shekara hamsin a jikin buhu da mota da ƙofar kamfani. Michael Taiwo Akinkunmi ɗalibi ne a Landan lokacin da ya zana tutar Najeriya, aka ba shi fam 100, kuma sai a 2014 ya samu lambar girma ta ƙasa. A Amurka, wata ɗaliba mai suna Carolyn Davidson ta zana tambarin Nike a 1971 kan dala 35. Kamfanin ya waiwaye ta a 1983 da zoben zinariya da hannun jari, amma wannan karamci ne na mai shi, babu takardar da ta tilasta masa. Kada ɗalibin wannan cibiya ya jingina abincinsa da tsammanin za a tuna da shi.

Masu hangen kasuwar intanet su ma su sani: Fiverr, wanda ya fara a 2010 da ayyukan dala 5, yana cire kashi 20 cikin ɗari na duk abin da aka biya. Dala 5 ta koma 4 tun kafin banki ya taɓa ta.

Sai maganar kafin alƙalami, wadda cibiya ba za ta gaji da nanatawa ba. Tela ba ya sa almakashi a shaddar sallah sai an ajiye masa wani abu, kuma babu wanda ya taɓa kiran wannan rashin kunya. Mai zane ya karɓi rabi kafin ya kunna kwamfuta, ciko kuma kafin ya miƙa aikin da za a buga. Ya rubuta, ko da a WhatsApp ne: me za a zana, yaushe za a karɓa, gyara sau nawa ne a cikin kuɗin. Gyara biyu ya isa, na uku da kuɗinsa, domin akwai mai cewa a ƙara girman hotonsa har sau goma. Ainihin fayil ɗin da ake iya sarrafawa farashinsa daban. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ma ba ta yarda an sayar da haƙƙin zane da fatar baki ba, sai da shaida a rubuce. Lokacin zaɓe kuwa, fastar ɗan takara a biya ta gaba ɗaya kafin a fara. Masu maɗaba'u da ke zaune a nan suna gyaɗa kai, sun san bashin wanda ya faɗi zaɓe.

Wanda ya karya farashi don ya ƙwace aiki daga abokin ajinsa, gobe shi ma a kan wannan karyayyen farashin za a taya shi.

Mai girma shugaban taro, a yi wa cibiya afuwa, saura kalma ɗaya ga manyan da ke kan wannan teburi. Ofisoshinsu da kamfanoninsu ne suke ba da irin waɗannan ayyuka. Yaron da ya kawo takardar farashi kada a ce ya yi girman kai, a duba ta, a taya idan za a taya, a biya a ranar da aka yi alkawari. Wannan ya fi wa cibiya kowace gudummawa da za a sanar a lasifika yau.

An haɗa wa kowane ɗalibi takardar shaidarsa da samfurin yarjejeniya mai shafi ɗaya da takardar lissafin farashi. Ana roƙon wakilin Mai Martaba, ranka ya daɗe, ya taso ya fara miƙa wa ajin mata.