Me Ya Sa Kuɗin Akwatinmu Ke Ƙanƙancewa?

  

Zan fara da tambayar da wata baiwar Allah ta yi mini ranar rabo. Ta ce, “Malama, ban taɓa fashin zubi ba, an ba ni kuɗina cif, amma da na shiga kasuwa sai na ga kamar an yi mini sata. Wa ya ci?” Babu wanda ya taɓa akwati. Amsar tana cikin darussa biyu da masu zana jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO suke karantawa, wato Gwamnati da Tattalin Arziki. Wasunku suna ajin yaƙi da jahilci, wasu 'ya'yanku ne za su zana. Ko ba jarrabawa, ilimin nan na cikin tukunyarki ne.

Ni 'yar Sharada ce. Ina ƙarama, da jiniya muke gane lokaci. In an tashi daga aiki, titi kan cika da kekuna, mata kuma na bakin ƙofar masana'antu da ƙosai da kunu da shinkafa da wake. Mahaifina a wata masaƙa ya yi aiki, mahaifiyata kuma da cinikin abincin ma'aikata take zubin adashi. Sharada da Challawa da Bompai su ne manyan unguwannin masana'antu na Kano: masaƙu, majemu, kamfanonin roba da na man gyaɗa da na alewa. Ranar da aka rufe masaƙar, mahaifina ya rasa albashi, mahaifiyata ta rasa masu saye, manomin auduga a ƙauye ya rasa mai karɓar kayansa. To wannan shi ne darasi na farko: tattalin arziki sarƙa ne. Abin da wani ya kashe, shi ne abin da wani ya samu.

Me ya rufe su? A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, injuna da kayan gyara da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Ga rashin wutar lantarki, dole a ƙona man dizal. Ga atamfa mai araha daga Sin ta cika Kantin Kwari. Mai saƙa a gida ya kasa gogayya. Kun ga, shawarar da aka yanke a sama ta iso har kaskon ƙosai.

Darasi na biyu shi ne farashi. Kun san shi tun kafin a rubuta shi a littafi. Da kaka, gero ya cika Dawanau, kwano ya sauko. Da bazara rumbu ya yi ƙasa, masu nema sun yi yawa, kwano ya hau. In kaya sun yi yawa farashi ya faɗi, in sun yi ƙaranci ya tashi. Amma in komai ya tashi gaba ɗaya, gero da sabulu da kuɗin mota, kuma ya ƙi saukowa, wannan shi ake kira hauhawar farashi. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500. A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta yi sama. Duk abin da mota ke ɗauka, sai da ya ji a jikinsa.

Mu yi lissafi. A ce kin tara naira 20,000 lokacin da kwanon gero yake naira 1,000. Kwano 20 ke nan. In ranar rabo kwano ya koma naira 2,000, kuɗinki na nan 20,000, amma kwano 10 za su sayo. Wannan ita ce “satar” da baiwar Allah ta gani.

Darasi na uku: wa ke da alhakin me? Kundin tsarin mulki na 1999 ya raba gwamnati hawa uku. Akwai ta tarayya a Abuja, akwai jihohi 36, akwai ƙananan hukumomi 774, daga ciki 44 na Jihar Kano ne. Aikin kuma ya kasu uku: majalisa ta yi doka, ɓangaren zartarwa ya aiwatar, kotu ta yi hukunci. Sanatoci 109 ne, 'yan majalisar wakilai 360, majalisar dokokin Kano kuma tana da kujeru 40. Buga kuɗi da kula da darajarsu aikin Babban Bankin Najeriya ne. Kun tuna canjin kuɗi a farkon 2023, da wahalar da aka sha ta neman tsaba? Daga can ya fito. Saboda haka kada ki tuhumi kansila kan tsadar dala. Amma rumfar kasuwa, da tashar mota, da kwashe shara, da sa hannu a harkar makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi, waɗannan ƙaramar hukuma tana da hannu a ciki. Nan kina da bakin magana.

Da wane kuɗi suke aiki? Da naku. Kowane wata ana raba kuɗin man fetur da na haraji tsakanin hawa ukun nan. In kin sayi katin waya ko sabulun kamfani, akwai harajin VAT a ciki, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a 2020. Ko ba a ba ki rasit ba, kin biya. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Kasafin kuɗi kuwa, kamar littafin ma'ajinmu yake: ga abin da zai shigo, ga inda za a kashe. Mu nan ba ma yarda a buɗe akwati sai kowa na gani. Don me za mu ji nauyin tambayar kasafin ƙaramar hukumarmu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To me za mu yi? Abu huɗu zan roƙe ku.

Na ɗaya, kada kuɗi su kwana a akwati wata da watanni. Ku juya su ta hanyar halal: jari ga 'yar ƙungiya, ko akuya, ko gyaɗar da za a matse a sayar da mai da ƙuli-ƙuli. Akuya farashinta na bin kasuwa, takardar naira ba ta bi.

Na biyu, sakatariya ta riƙa rubuta farashin kwanon gero da kwalbar mai duk ranar zubi. Ranar rabo ku auna ribarku da kwano, ba da naira kawai ba. In zubi ya yi kaɗan, ku zauna ku daidaita shi yadda mai ƙaramin ƙarfi ba za ta fita ba.

Na uku, kada ku zuba ƙwai duka a sana'a ɗaya. Mahaifiyata ta jingina da ƙofar masaƙa ɗaya, da aka rufe ta zauna. Wasu su yi kiwo, wasu ɗinki, wasu abinci.

Na huɗu, ku san sunan kansilarku da shugaban ƙaramar hukumarku da ɗan majalisarku. In famfo ya lalace ko babu magani a asibiti, ku rubuta takarda da sunan ƙungiya, mata uku su kai, ku ajiye kwafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar zaɓe kuma, ki tuna taliya da sabulu ba sa kai mako, wanda kika zaɓa kuwa shekaru zai yi yana riƙe da kasafinki.

Zama mai zuwa, kowace ta zo da farashin abu ɗaya da ta saya bara da wanda ta saya bana, mu yi lissafin tare. Allah Ya sa albarka a zubinmu, Ya ba mu shugabanni masu tausayi.