Daga Filin Makaranta Zuwa Fagen Ƙwararru: Darasi Daga Rayuwar A'isha Mohammed

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar ci gaban garinmu Miga



Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarautun gargajiya, shugabannin ƙungiya, malamanmu, da 'yan'uwa maza da mata waɗanda suka taso daga Dutse da Kano da Kaduna da Abuja da Legas domin halartar wannan taro, ina yi muku barka da zuwa gida, da fatan kun baro iyali lafiya.

Batun da aka ɗora mini nauyin yin magana a kansa shi ne wasan ƙwallon kwando na mata. Na san wasu daga cikinmu za su ce, a garin da ke fama da ambaliya da ƙarancin malamai, ina ruwan biri da gada? Ina roƙon a ba ni aron kunne, domin kuwa labarin wannan wasa labarin makaranta ne. A makaranta aka ƙirƙiro shi, lokacin da wani malami mai suna James Naismith ya tsara shi domin ɗalibansa a garin Springfield na Amurka a shekarar 1891, kuma har yau ta ƙofar makaranta mafi yawan ƙwararrunsa suke fitowa.

Misalin da zan kafa hujja da shi shi ne na A'isha Mohammed, wadda wasu suka fi sani da A'isha Balarabe. Ba 'yar Miga ba ce, a Legas aka haife ta a shekarar 1985, amma sunanta irin na gidajenmu ne, kuma hanyar da ta bi tana da darasi a gare mu. Tun tana budurwa aka ɗauke ta cikin ƙungiyar mata ta Nijeriya, wadda ake yi wa laƙabi da D'Tigress. Tana cikin waɗanda suka ci kofin Afirka a 2003 da kuma 2005. Tana da shekara 18 ta je gasar Olamfik ta 2004 a ƙasar Girka, inda Nijeriya ta doke Koriya ta Kudu da ci 68 da 64, nasarar farko ke nan da wata ƙungiyar mata ta Afirka ta taɓa samu a ƙwallon kwando na Olamfik.

To, a nan ne nake so mu tsaya mu yi nazari. Yarinyar da ta riga ta yi suna haka, da ta ga dama sai ta nemi kuɗi kai tsaye. Maimakon haka sai ta koma aji. Ta shiga kwalejin Central Arizona, wadda makaranta ce ta shekara biyu a Amurka, daga nan ta wuce Jami'ar Virginia, inda ta yi wasa daga 2007 zuwa 2009 a ƙarƙashin mai horarwa Debbie Ryan, matar da ta shafe fiye da shekara talatin tana wannan aiki a jami'ar. Bayan haka ne ta shiga sahun ƙwararru masu karɓar albashi a ƙungiyoyin ƙasashen waje, ciki har da na Turkiyya. Ta sake ɗaga kofin Afirka a Bamako a 2017 da Dakar a 2019, sannan ta koma Olamfik a Tokyo a 2021, shekara 17 bayan zuwanta na farko.

Me ya sa 'yan wasa irinta suke bin wannan hanya? A shekarar 1972 Amurka ta kafa dokar da ta hana nuna wa mata bambanci a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Wannan ya sa jami'o'i suka buɗe wa mata guraben karatu kyauta ta hanyar wasanni. Amma gurbin yana da sharaɗi: wadda ba ta ci jarrabawarta ba, ba za ta shiga fili ba. Wato ƙwallo ce ke biyan kuɗin makaranta, karatu kuma shi ke riƙe da ƙwallon. Bugu da ƙari, ƙofar babbar gasar ƙwararru ta mata a Amurka, WNBA, wadda aka fara a 1997, ƙunƙuntacciya ce ƙwarai. A zaɓen 2024, 'yan wasa 36 kacal aka ɗauka, alhali dubbai ne ke wasa a jami'o'i. Saura kuwa, abin da ya rage a hannunsu shi ne takardar shaidar karatu da lafiyar jiki da tarbiyyar aiki tare da jama'a, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Kada a ce sai an haye teku ake soma wannan tafiya. Murjanatu Musa a gida ta fara. A 2019 ƙungiyarta ta Air Warriors da ke Abuja ta ci gasar mata ta ƙasa, ita kuma aka zaɓe ta gwarzuwar gasar. Daga nan ta tafi ƙungiyar Celta a Sifaniya, ta wuce Tarbes a Faransa, har ta buga wa Phoenix Mercury wasa a WNBA a 2025. Tana cikin tawagar da ta doke Ostireliya da Kanada a Olamfik ta 2024 a Faransa, inda Nijeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas. A 2025 kuma suka doke Mali a Abidjan, suka ci kofin Afirka karo na biyar a jere.

Haka nan arewa ba baƙuwar wannan wasa ba ce. A Zariya, filin Jami'ar Ahmadu Bello da jajircewar mai horarwa Oliver Johnson sun yaye matasa masu yawa, daga cikinsu har da Masai Ujiri, wanda yake shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Fili ɗaya da malami ɗaya mai haƙuri su ne mafarin duk wannan.

Yanzu bari in zo kan abin da na san yana zukatan iyaye, wato maganar sutura da kamun kai. Damuwa ce ta gaskiya, kuma ba mu kaɗai ta taɓa ba. Bilqis Abdul-Qaadir, Musulma 'yar Amurka mai wasa da lulluɓi, ta ci maki 3,070 a makarantar sakandare, adadin da ya zarce na kowa kafin ita a jihar Massachusetts. Ta yi wasa a jami'o'in Memphis da Indiana State, amma da ta gama a 2014 sai ta tarar da dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta hana rufe kai a fili. Ta zaɓi lulluɓinta, ta haƙura da albashin ƙwararru, ta shiga fafutukar a sauya dokar. A watan Mayu na 2017 hukumar ta amince da rufe kai, dokar ta fara aiki a watan Oktoba na shekarar. Saboda haka yarinyar da za ta yi wasa a yau ba sai ta ajiye suturarta ba.

'Yan'uwa, ba na tsaya a nan ne domin in yi muku alkawarin cewa Miga za ta fitar da ƙwararriya a baɗi ba. Abin da nake cewa shi ne, tsani daga matakin ƙasa ake hawansa, kuma wannan matakin yana hannunmu. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana kusa da mu, kuma jami'o'in ƙasar nan suna da gasar wasanninsu. Amma yarinyar da ba ta taɓa riƙe ƙwallo a sakandare ba, ko wadda aka cire daga makaranta tun tana aji uku, babu yadda za a yi ta kai can. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka ina gabatar wa wannan ƙungiya shawarwari uku. Na farko, mu haɗa hannu da hukumar makaranta mu gina fili guda a cikin harabar makarantar da 'ya'yanmu mata ke karatu, a kewaye shi yadda ya kamata. Filin ƙwallon kwando tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa mita 15, kwandon kuma tsayinsa mita 3.05 daga ƙasa. Daɓen siminti da turaku biyu ba su fi ƙarfinmu ba. Na biyu, mu ɗauki nauyin karatun 'ya'yanmu mata biyu ko uku a fannin motsa jiki da kiwon lafiya, bisa yarjejeniyar za su dawo gida su koyar, domin mace ta horar da mata, a lokacin da bai ci karo da na Islamiyya ba. Na uku, mu ɗauki sharaɗin nan na jami'o'in Amurka: sai da yardar iyaye, kuma sai wadda ta ci jarrabawarta za ta shiga fili.

Ina kuma jan hankalin 'yan'uwa mazauna birane da su yi hattara da masu karɓar kuɗin iyaye da sunan za su fitar da yara waje wasa. Gurbin karatu na gaskiya ta hannun makaranta yake zuwa, da takarda a rubuce, kuma ana iya bincikarsa kafin a fitar da ko kwabo.

Daga ƙarshe, mu da muka sami ilimi muka zauna a birane, da dama daga cikinmu 'ya'yanmu suna makarantun da ke da filaye da malamai. Haƙƙin 'ya'yan 'yan'uwanmu da ke gida yana wuyanmu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon shugabanni su sa wannan batu cikin ayyukan da za a tattauna kafin a tashi daga taro.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya albarkaci garinmu da jiharmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.